Sharar da Ta Tafi da Ƙofa

Inna tana da doka ɗaya da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk inda mutum ya zauna, ya share kafin ya tashi. Ko ɓawon gyada uku ka zubar, sai ka nemo tsintsiya. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗar sunana, ba ta kuma cika yi mini magana ido da ido ba. Sai dai ta dubi ƙanwata, ko ta dubi bango in babu kowa, ta ce, "A gaya wa wancan ya bar wuri yadda ya same shi." Da wannan doka na tashi, da ita na tafi Kano karatun kwamfuta, na kuma dawo gida na kai ta inda ba a aike ni ba.

Shekarar da na dawo babu aiki, sai takardu a jaka da yawan surutu. Ƙauyenmu yana ƙasar Makoda, irin wurin da gona take farawa daga bayan katangar gidanku ta ƙare a bayan katangar wani. Kawuna, yayan Inna, manomin gyada ne, yana da ɗakin ajiya a ƙofar gidansa, na bulo da rufin kwano. Daga bazara, in ya gama fitar da gyadarsa, ɗakin yakan zauna fayau, daga shi sai ɓeraye, har kaka ta zagayo.

'Yarsa ce ta fara sa wa ɗakin ido. Taubashiyata ce, sa'ata kuma, ta yi karatun koyarwa, tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu lafiya ba. Ita ce ta baza wa gari cewa kaza mai 'ya'ya ta taɓa kora ni har cikin rumbu. Shekarata shida a lokacin, kazar kuma kowa ya san ba ta da mutunci, amma har na girma na fara zuwa zance, labarin nan yakan riga ni isa. Na daɗe ina neman ramuwa ban samu daidai da shi ba.

Abin da take so shi ne ta koya wa matan aure karatu tsakanin azahar da la'asar, amma babu littattafai. Ni kuma ina da tsohuwar kwamfuta da farantin sola ɗaya da batir. Na haɗa 'yar manhaja mai darussa, daga baƙi da wasali har gajerun jimloli, kowanne da muryarta da na ɗauka. Mace ta zo da wayarta ko ta maigidanta, ta kama waifai, wato 'yar sadarwar da na kafa a ɗakin, darasi ya buɗe ba sai da data ba. Tun ranar matan suka fara kiranta Malama, ita kuma ta fara kirana injiniyan gyada.

Kawu ya saurare mu yana sakace, sannan ya ce, "Na ba ku aro zuwa cirar gyada. Ranar da gyada ta bushe, ku kawo mini mace ɗaya da ta shigo ɗakin nan ba ta san komai ba, ta yi karatu a gabana. In ta karanta, ɗaki naku ne, gyada ta koma zaure. In ba ta karanta ba, ku kwashe tarkacenku."

Sati na biyu sai ga Inna ta shigo da tabarmarta ta zauna a layin baya. Babu wanda ta yi shawara da shi. Lokacin da suna yara, Kawu aka sa a boko, ita aka bar ta da surfe da kiwon awaki. Tun daga nan duk takardar da ta shigo hannunta, katin asibiti ne ko rubutun jikin kwalbar magani, sai ta yafa mayafi ta kai masa, shi kuma ya sa tabarau ya gyara murya ya karanta mata kamar mai ba da labarai a rediyo. Da ya ji ta shiga aji, dariya ya yi har ya riƙe ciki.

"To na sauƙaƙa muku zaɓe," in ji shi. "Ita nake so ta karanta."

Inna ta dai gyara mayafinta. Amma duk wanda ya san ta ya san ta ɗauki maganar.

Dole in ɗan faɗi yadda abin nawa yake aiki, don a gane inda na yi ɓarna. Kashi biyu ne a cikin kwamfutar. Na gaba shi yake karɓar wayoyin mata, na baya shi yake riƙe da darussan. Tsakaninsu akwai wani ɗan fayil da ake kira soket, ba irin na bango da ake cajin waya ba. Aikinsa aikin ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida ne: baƙo ya yi sallama a zaure, a miƙa saƙo ta ƙofar, amsa ta fito ta nan. Manhajar darasi ce take kafa wannan ƙofa duk lokacin da ta tashi, kuma adireshi ɗaya tak na ba ta a cikin kwamfutar.

Da damina ta yi nisa, aka shiga kwanakin hadari, batir ya fara mutuwa ba sallama. In kwamfuta ta ɗauke haka, tsohon soket yakan tsaya a wurinsa, babu kowa a bayansa. Wuta ta dawo, manhaja ta zo kafa sabo, ta tarar da wuri a tare, sai ta ƙi tashi. Da na gano haka sai tarbiyyar Inna ta motsa mini. Na ƙara layi biyu: in manhaja ta tashi, ta share duk abin da ta tarar a adireshin nan ta kafa nata, in kuma za ta rufe, ta share kafin ta tafi. Na ji daɗin kaina sosai a ranar, har na so a ce Inna ta san turancin kwamfuta ta ga yadda ɗanta ya ji magana.

Abin da ban lissafa ba shi ne manhajar ba ita kaɗai take tashi ba. Kwamfuta takan ta da kwafi ɗaya da kanta in wuta ta zo. Ni nakan ta da nawa da hantsi in zan ƙara darasi. Malama kuma in ta iso sai ta danna maɓallin da na yi mata ta ta da nata, don ta ce ba ta yarda da duk abin da hannuna ya taɓa ba. Kwafi uku ke nan, adireshi ɗaya. Wanda ya zo ƙarshe ya cire ƙofar na baya ya kafa tasa, na bayan suna zaune a ciki ba su ma san an yi ba. Duk wannan ba ya hana karatu. Matsala sai in ɗaya daga cikin na bayan ya tashi tafiya. Yaron kirki ne, sai ya share kafin ya fita, ƙofar da zai share kuwa ba tasa ba ce.

Ajin mata ne, don haka ni a waje nake zama, kan benci ƙarƙashin darbejiya, inda waifai yake kaiwa. Daga wayata nake buɗe kwafina in rufe. Wata Litinin ina zaune sai Malama ta leƙo.

"Injiniyan gyada, abinka ya mutu."

Na yi sallama, mata suka gyara lulluɓi, na shiga na duba. Kwafinta yana nan da ransa, babu abin da ya same shi, amma duk wayoyin sun daina nuna darasi, sai wasu kalmomin turanci biyu da lamba. Na kashe nata na sake tayarwa, komai ya dawo. Kwana biyu ina juya abin a kaina, har na fara zargin ɓeraye. Ran Laraba na rufe kwafina zan je in sha ruwa, ban kai ga randa ba na ji ta tana kira. A nan tsaye na gane komai.

Mutumin kirki da minti goma zai gyara wannan. Ni kuwa taubashi ne, kuma kazar nan tana raina.

Ran Asabar na bari sai da karatu ya yi daɗi, ina jin muryoyinsu suna bin ta, ba, be, bi, sannan na taɓa wayata. Ta leƙo. Na ce mata yunwa nake ji, kai kuma ba ya aiki da yunwa.

"Me za ka ci, Allah ya shirye ka?"

"Fura. Mai sanyi. A dama ta da kyau."

Ta aika cikin gida aka kawo. Na sha a natse, na shiga ina ɓata rai kamar likitan da aka taso daga barci. Na taɓa wannan waya na girgiza waccan, na hura bayan kwamfuta, na kara kunne a jikin batir, sannan da ta juya na sake ta da kwafinta. Darasi ya dawo. Wata dattijuwa ta ce, "Yaron nan Allah ya yi masa baiwa." Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Sau huɗu na yi haka cikin sati uku. Na sha fura sau uku, sau ɗaya na ci dambun zogale. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa matan nan awa ɗaya da 'yan mintuna kawai suke da ita ba, daga nan kowacce sai murhu. Rabin awar da nake ɓatawa ina hura bayan kwamfuta, daga cikin tasu nake yanka.

Sai na so in kai wasan ƙarshe. Malama ta daɗe tana cewa in mayar da saƙon turancin nan Hausa, don yana tsorata matan, suna zaton wayarsu ce ta lalace. Na zauna na rubuta mata Hausa, amma irin tawa. Na adana, na sa ranar Alhamis, ina ta dariya ni kaɗai ina hango fuskarta.

Ran Laraba da safe na zagaya bayan gida neman fartanya. Inna tana tsugune kusa da shanyar kuɓewa, ta baje wani tsohon buhun taki a gabanta, tana bin manyan baƙaƙen jikinsa da yatsa, tana kwaikwayonsu a ƙasa da guntun kara. Bakinta yana motsi. Da ta ji takuna sai ta miƙe ta goge rubutun da ƙafa, ta shiga juya kuɓewar da ba ta buƙatar juyi. Ƙanwata tana gefe tana wanke-wanke. Inna ta dube ta ta ce, "Jiya da abin nan bai mutu ba, da mun kai ƙarshen darasin." Ba ƙorafi ta yi ba, ko kaɗan ba ta zarge ni ba, labari kawai ta bayar.

Kunya ta kama ni har na manta abin da na zo ɗauka. Tun daga ranar na daina. Amma in faɗi gaskiya, tuban nawa rabi ne. Ban gyara komai ba, na dai ajiye makamina na ce bayan kaka, in an ci jarrabawar Kawu, zan ɗan ƙara shan fura ko sau biyu ne. Na riƙa barin kwafina a buɗe har a tashi daga aji. Saƙon da na rubuta kuwa na manta da shi sam, tunda babu abin da ya sake fito da shi.

Sati huɗu abin bai ko yi tari ba. Malama ta ce, "Ikon Allah, kwamfutarka ta yi hankali." Ta faɗa tana kallona ta wutsiyar ido, ni kuma na ce ai addu'ar iyaye ce.

Aka cire gyada, aka kife ta a gona ta sha rana, aka fara tsinka. Kawu ya sa ranar Asabar bayan azahar. Tun da hantsi na share ɗakin, na goge farantin sola, na ta da kwafina na bi darussa ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta ta riga ta ta da nata. Malama ta iso ta danna maɓallinta kamar kullum. A ranar an yarda in zauna a ciki, can lungu gaban kwamfuta. Mata suka cika ɗakin, har waɗanda suka daina zuwa. Kawu ya sa aka kawo masa kujera bakin ƙofa, ya zauna da tabarau a aljihun gaba. Inna ta baro layin baya ta zauna a tsakiya, wayar ƙanwata a hannunta.

Kawu ne ya zaɓi darasin da kansa. Inna ta kai wayar kusa da fuska, ta ɗan ja da ita baya, ta karanta.

"Gero ya nuna. Akuya ta shiga gona."

Mata suka fara murmushi. Kawu ya girgiza kai.

"Hadda ce. Ta ji muryar yarinyar nan tana faɗar wannan sau ɗari. Ko aku aka ajiye a ɗakin nan wata huɗu, zai ce akuya ta shiga gona."

"Baba, kai fa ka zaɓa," in ji Malama.

"Na zaɓa daga cikin abin da kuka dafa. Duk naku ne."

Suka shiga musu, uba da 'ya, kowa ya san halin kowa. Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai tana kallon wayar, tana juya ta a hannu. Ban taɓa ganin Inna ta karaya haka ba, ko ranar da ta cire maciji daga cikin itacen girki. Hankalina ya tashi, na rasa abin da zan yi mata. Na dubi allon kwamfuta na ga shafi yana nauyin buɗewa, batir ya ɗan yi ƙasa, ga kwafi uku suna cin ƙarfi a banza. Na ce bari in rage biyu don nata ya riƙa buɗewa da sauri.

Hanya biyu ce ta rufe kwafi. Akwai ta ƙarfi, wadda ake tsinke shi nan take bai samu damar ɗaukar tsintsiya ba. Akwai ta ladabi, wadda ake ce masa ya kintsa ya tafi. Na san sarai ta ƙarfin ya kamata in bi. Amma sati uku na yi ina horar da yatsuna a kan ɗayar, don ita ce mai kawo fura. Kafin kaina ya gama shawara, yatsu sun gama aiki.

Daidai lokacin Kawu ya ce, "To buɗe na gaba mu ji."

Inna ta taɓa wayar. Rubutu ya fito, babu hoto, babu murya. Malama tana can gefen mahaifinta, ba ta ga allon ba. Inna ta ɗauka darasi na gaba ne. Ni kaɗai a ɗakin na san abin da ke hannunta, kuma ko na mayar da ƙofar a lokacin, rubutun ya riga ya zauna a wayar. Na buɗe baki zan ce a dakata, sai na ga ta gyara zama ta sa yatsa a ƙarƙashin baƙin farko. Na rufe bakina.

"Ƙo, fa. Ƙofa. Ƙofa ta ɓa, ta. Ƙofa ta ɓata."

Malama ta juyo da sauri. Wannan ba ya cikin abin da ta koyar.

"Ɗan," in ji Inna, sai ta tsaya. Kalmar da ke gaba doguwa ce, baƙaƙe sun cunkushe a cikinta. "Ga. Gwa." Ta koma baya ta sake. "Gwa, go." Ɗakin ya yi tsit, har ana jin kwano yana ƙara saboda rana. Kawu ya zaro tabarau ya miƙo hannu yadda ya saba miƙowa shekara arba'in. Inna ba ta ko dube shi ba, ta ɗaga tafin hannunta ta tsayar da shi.

"Gwag, gon, ki. Gwaggonki. Ɗan gwaggonki ne kaɗai ya san inda take."

Ta ci gaba, yanzu ta samu hanya.

"Ki kawo fura mai sanyi, irin ta ran Talata, ya dawo miki da ita. Kada a cika ruwa."

Ta sauke wayar. Sai dattijuwar nan da ta ce Allah ya yi mini baiwa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa, daga nan dariya ta bi layi har bango. Kawu ya karɓi wayar, ya sa tabarau, ya karanta a zuci, ya sake karantawa.

"Ke kika koya mata wannan?" ya tambayi 'yarsa.

"Wallahi Baba yau na fara ganinsa." Idonta yana kaina, kuma na san wannan kallon tun muna shekara shida.

"Kai," in ji Kawu, "taso ka yi mana bayanin ƙofar nan da kai kaɗai ka san inda take."

Na taso na yi bayani, ban rage komai ba: kwafi uku, adireshi ɗaya, kowa yana shara in zai tafi, da yadda na gano, da abin da na yi da ganowar. Da na zo kan hura bayan kwamfuta, Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa. Da ya lafa sai ya cire tabarau ya mayar aljihu. Ya miƙa wa Inna wayar da hannu biyu.

"Wannan kam ba hadda ba ce," in ji shi. "Ashe kin iya, ƙanwata. Gyada ta koma zaure."

Mata suka yi ta barka, wata ta rangaɗa guɗa. Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba, ko da yake na ga ta daɗe tana gyara bakin mayafi kusa da ido. Da hayaniya ta kwanta sai ta dubi Malama.

"A gaya wa wancan, ni cewa na yi mutum ya share inda ya zauna. Ban ce ya share inda wani yake zaune ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsuguna a gaban matan na ba su haƙurin lokacinsu da na ci. Suka yafe, amma Malama ba ta yafe ba. Ta yanke hukunci a take, Kawu ya sa hannu: duk buhun gyadar bana, ni zan ɗauke shi daga amalanke zuwa zaure, sharar aji kuma tawa ce har wata kakar. Kafin magariba gari ya samu sabon labari, kazar nan ta samu hutu.

Gyaran kuwa a ranar na yi shi, bayan la'asar, Malama tana tsaye a kaina da hannu a ƙugu. Na koya wa manhajar sallama. In ta tashi ta tarar da soket a adireshin, ba za ta share ba sai ta ƙwanƙwasa tukuna. In wani ya amsa daga ciki, ta bar masa wurinsa ta koma. In shiru ne, to na mataccen batir ne, ta share ta kafa nata. Sannan kowane fayil yana da lambar da kwamfuta take ba shi, ko da sunansu ɗaya da wani. Na sa kowane kwafi ya riƙe lambar ƙofar da ya kafa, in zai tafi ya duba: tasa ce ya share, ba tasa ba ce ya fita da tsintsiyarsa. Malama ce ta tambayi abin da zai faru in biyu suka tashi lokaci guda, kowa ya ƙwanƙwasa ya ji shiru. Ban so ba, amma tambayar mai kyau ce. Na ƙara musu mukulli ɗaya, wanda ya riga ɗauka shi zai taɓa ƙofa, saura su jira ya ajiye.

Ba ta yarda da bakina ba. Ta ta da kwafi biyar ta rufe su gaba da baya, ta rufe na tsakiya, ta sake tayarwa. Ta zare wayar batir ba ta ko gaya mini ba, ta mayar. Kowane karo darasi yana nan. Sai da ta gaji sannan ta ce, "Saura saƙon. Matsa, ni zan rubuta, kuma da kaza a ciki."

Ashe Inna ba ta tafi ba. Tana bayanmu tana naɗe tabarmi, aikin da ba nata ba. Ta jingina ta ƙarshe a bango, ta matso, ta ce wa Malama, "Nuna mini inda ake taɓawa."

Na tashi na ba ta kujerar. Ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba. Ta riƙa neman baƙaƙen da yatsa ɗaya, in ta samu ta danna da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi, wani ya fito sau uku Malama ta goge mata biyu. Babu wanda ya gaya mata abin da za ta rubuta. An kusa kiran magariba kafin ta gama, ta miƙe ta ɗauki tabarmarta ta fita ba ta dube ni ba. Na matsa na karanta.

"Ku yi haƙuri. Yana zuwa."

Yanzu a Kano nake aiki, sai ƙarshen mako nake hawa mota in zo gida. An sauya kwamfutar, an ƙara batir, na sake rubuta kusan komai na manhajar, amma wannan layin ban taɓa shi ba. Ba kasafai yake fitowa ba. In ya fito Malama takan kira ni, ni kuma ko me nake yi nakan ajiye in nemi motar Makoda. Inna ba ta sa suna a ciki ba, yadda ba ta taɓa faɗarsa da bakinta ba. Amma abu na farko da ta rubuta wa jama'a da hannunta, alkawari ta ɗauka a madadina, kuma har yau ban bari ya tashi ba.